Baƙuwar Ɗabi'ar Tsuntsayen Daji Wajen Neman Abinci: Tambayoyi da Amsoshi

Makiyayi da masunci da maharbi sun fi kowa ganin abin da tsuntsu ke yi idan yunwa ta kama shi, domin su ke wuni a inda yake kiwo. Yawancin tambayoyin da ke ƙasa irin waɗanda ke fitowa daga bakinsu ne, wasu kuma na ɗalibai masu nazarin halittu da masu sha'awar kallon tsuntsaye. An fara da na kusa da gida kafin a tafi nesa.

Me ake nufi da cewa tsuntsu ya nuna baƙuwar ɗabi'a wajen cin abinci?

Abu uku ne mutane ke haɗawa a wannan magana, kuma raba su yana da amfani. Akwai ɗabi'ar da mu ne muke ganinta baƙuwa, amma ga tsuntsun ita ce sana'ar kaka da kakanni, kamar ungulun da ke cin 'ya'yan itace. Akwai wadda wasu tsirarun tsuntsaye suka ƙirƙiro a wani wuri saboda wata dama da ta samu, 'yan'uwansu suka gani suka kwaikwaya. Sai kuma wadda alama ce ta ciwo, ko guba, ko lalacewar wurin kiwo. Biyun farko abin kallo ne da nazari. Ta ukun tana bukatar a yi hattara, kuma an ware mata tambaya a can ƙasa.

Carki taimakon shanuna yake yi, ko cutarsu?

Duka biyun. Carki yana cire kaska daga kunne da wuya da ƙarƙashin wutsiya, wuraren da saniya ba ta iya kaiwa, yana kuma cin dauɗar kunne da busasshiyar fata. Amma ainihin abin da yake so jini ne. Shi ya sa ya fi son kaskar da ta riga ta ƙoshi ta kumbura, wato wadda ta gama ɓarnarta. Idan kuwa ya samu miki a doron sa ko a bayan jaki, zai riƙa tsaga shi yana sha, ya hana shi kamewa.

Wani mai bincike, Paul Weeks, ya gwada wannan a Zimbabuwe, ya fitar da sakamako a 2000. Ya raba shanu gida biyu, ya hana carki sauka a kan kashi ɗaya. Yawan kaska bai bambanta ba tsakanin garken biyu, amma miki ya fi daɗewa bai warke ba a jikin waɗanda carki ke hawa. Carkin da ya yi aiki a kansa mai jan baki ne na kudanci da gabashin Afirka. Namu na nan bakinsa rawaya ne da ja a tsini, kuma halinsu ɗaya wajen son jini. Wannan bai sa carki ya zama maƙiyi ba. A Afirka ta Kudu an nuna cewa karkandar da ke ɗauke da carki ta fi saurin gane mutum na tahowa, domin tsuntsun yana ƙara idan ya hango shi, ita kuwa idonta ba ya gani da nisa.

Shawarata ga mai dabba: kada a kashe carki, kada a sa masa guba. A duba dabbar da ke da miki a wanke, a shafa magani, a rufe in da hali, a ajiye ta kusa da gida har ta warke. Lafiyayyar fata ba kasafai take cutuwa daga bakinsa ba.

Ban da carki, akwai wasu tsuntsayen da ke shan jini ko cin naman dabba tana raye?

Akwai, ba su dai da yawa. A tsibiran Galafagos na ƙasar Ikwado, kan wasu ƙananan tsibirai biyu masu suna Wolf da Darwin, wani ɗan tsuntsu mai girman gwara yana sauka a bayan manyan tsuntsayen teku ya caki gindin gashin fukafukinsu har jini ya fito, ya sha. Tsibiran ba su da ruwan sha mai ɗorewa, kuma idan rani ya yi tsanani, iri da ƙwari suka ƙare, jinin ne ke riƙe shi. Masana na ganin abin ya samo asali ne daga cire wa manyan tsuntsayen ƙwarin jiki, kamar dai aikin carki.

A duwatsun kudancin Niyu Zilan kuma akwai wani aku mai suna kiya. Bayan Turawa sun kai tumaki can, sai wasu daga cikin waɗannan aku suka koyi hawa bayan tunkiya da dare suna huda fata don su kai ga kitse. Masu tumaki suka fusata, hukuma ta sa lada ga duk wanda ya kashe shi, aka hallaka kimanin 150,000 kafin a daina a 1970. Sai a 1986 ya samu cikakkiyar kariyar doka, kuma yanzu 'yan dubbai ne suka rage. Laifin kaɗan daga cikinsu ne ya kusa shafe jinsin gaba ɗaya, abin da ke sa ni jin tsoro duk lokacin da na ji ana zancen a ƙarar da wani tsuntsu saboda ɓarna.

Shin kowace ungulu mushe take ci?

A'a. A kurmin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, da bakin koguna inda kwakwar manja ke fitowa, akwai wata ungulu fara da baƙi wadda fiye da rabin abincinta 'ya'yan kwakwar ne. Takan riƙe ƙwara da ƙafa ta ɓare naman da baki. Tana haɗawa da ƙaguwa da kifi da ɗan mushe idan ta samu.

A tsaunukan Habasha kuwa akwai mai gemu, wadda ba ta damu da nama ba: kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari na abincinta ƙashi ne. Takan jira sauran ungulaye su gama, ta zo ta kwashi abin da suka bari. Ƙaramin ƙashi haɗiye shi take yi ɗungurungum, ruwan cikinta mai tsananin ƙarfi ya narkar da shi. Babba kuma ta ɗauka ta tashi sama ta sako shi a kan fa ya farfashe, ta sauko ta ci har da ɓargo. Idan bai fashe ba ta sake ɗauka. Matasansu kan yi shekaru kafin su ƙware wajen saiti.

Ta uku ita ce farar ungulu mai rawayar fuska, wadda ake kira ungulun Masar, kuma tana ratsa Nijar da arewacin Najeriya. Wannan tana cin kashin shanu da na tumaki. Binciken da aka yi a Sifen ya nuna cewa daga nan take samun sinadarin da ke rina fuskarta rawaya. Ita ce kuma mai jifa da dutse da za a gani a amsa ta gaba.

Da gaske ne tsuntsu na amfani da kayan aiki?

Gaskiya ne. Ƙwan jimina ya fi ƙarfin bakin ungulun Masar, saboda haka takan nemo dutse, ta ɗauka da baki, ta miƙe wuya ta jefi ƙwan, ta yi ta maimaitawa har ya tsage. Jane Goodall da Hugo van Lawick ne suka ga haka a Tanzaniya suka wallafa a 1966, labarin ya bazu a duniya.

Hankakan tsibirin Sabuwar Kaledoniya, a tekun Fasifik, ya wuce nan, don shi ƙera kayan aikin yake yi. Yakan karyo reshe, ya fige ganyen, ya gyara bakinsa ya zama ƙugiya, ya zura a ramin ruɓaɓɓen itace ya jawo tsutsa. Gavin Hunt ya bayyana wannan a 1996. Akwai kuma wani ƙaramin zalɓe da aka gani a Japan da Amurka da wasu sassan Afirka yana jefa ɗan burodi, ko ƙwaro, ko gashin tsuntsu a ruwa, ya laɓe. Kifi na tasowa ya duba sai ya cafke shi. Idan ruwa ya tafi da abin, yakan ɗauko ya mayar kusa da shi. Masunci ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan dabara.

Me ya sa shirwa ke cika sama idan an sa wa daji wuta?

Wuta na korar duk abin da ke ɓoye a ciyawa: fara, ƙadangare, ɓera, maciji. Shirwa da shamuwa da balbela da tsuntsaye masu cin kudan zuma sun san hayaƙi alamar abinci ne, suna hango shi daga nesa su taho. Wasu na kama fara a cikin hayaƙin, wasu na bin toka suna tsintar abin da ya ƙone.

A arewacin Ostareliya maganar ta fi haka. 'Yan asalin ƙasar sun daɗe suna cewa shirwa na ɗaukar itace mai ci da wuta ta kai gaba ta yar a busasshiyar ciyawa don wutar ta tsallake hanya ko rafi. A 2017 Mark Bonta da abokan aikinsa suka tattara shaidar waɗanda suka gani da ido, har da ma'aikatan kashe gobarar daji, suka ambaci tsuntsaye iri uku, ciki har da baƙar shirwa, 'yar'uwar tamu ta kusa. Hujjar ta tsaya ne a kan shaidar ido, shi ya sa wasu masana ke cewa wataƙila kuskure ne tsuntsun ke yi wajen warto abinci. Maharban da ke ƙona daji da kaka suna wurin da za su iya lura da irin wannan a shirwarmu. Duba amsar ƙarshe kan yadda ake rubuta abin da aka gani.

Na ga baƙin zalɓe a fadama ya lulluɓe kansa da fukafukai kamar lema. Ciwo ne?

Lafiyarsa ƙalau, kamun kifi yake yi. Yakan taka 'yan taku, ya jefo fukafukai gaba su haɗu su yi rumfa, kansa na ciki. Ƙananan kifaye na gudowa inuwa, shi kuma inuwar na kawar masa da ƙyallin rana a kan ruwa. Daƙiƙa biyu ko uku ya buɗe, ya matsa, ya sake. Ana ganinsa a dausayin Haɗeja da Nguru da kewayen tafkin Chadi, wani lokaci da yawa a jere.

Mene ne gaskiyar tsuntsun da ke kai mutum wurin zuma?

Wannan ita ce wadda na fi so a duk cikinsu, domin ba a horar da shi ba, ba a kiwonsa, amma yana hulɗa da mutum kamar abokin sana'a. Abincinsa kakin zuma ne da 'ya'yan kudan zuma, kuma yana cikin 'yan tsirarun tsuntsayen da cikinsu ke narkar da kaki. Matsalarsa ita ce ba ya iya fasa kogon itace, harbin zuma kuma na iya kashe shi. Mutum na da gatari da hayaƙi, amma bai san inda zumar take ba. Sai tsuntsun ya zo yana wani kuka na musamman, yana tashi daga bishiya zuwa bishiya yana nuna farin gashin wutsiyarsa, har su isa. Mutum ya ɗebi zuma, ya bar masa saƙa. Tun a 1588 wani limamin Kirista ɗan Fotugal, João dos Santos, ya ga tsuntsun na shiga cocinsa a Sofala, cikin Mozambik ta yau, yana cin kakin kyandir.

An auna amfanin abin. A wurin Borana na arewacin Kenya, binciken 1989 ya nuna cewa neman zuma a dajin da mutum bai sani ba kan ɗauki kusan awa 9, amma da jagorar tsuntsun ya koma kusan awa 3. A gandun Niassa na Mozambik, 'yan ƙabilar Yawo na da wani kira da suka gada, karkarwar leɓe sannan gajeren gurnani. Claire Spottiswoode ta gwada shi ta wallafa a 2016: idan aka yi wannan kira, damar samun zuma kan tashi daga kashi 17 zuwa 54 cikin ɗari, in an kwatanta da wasu sautuka na daban. Daga baya aka gano cewa tsuntsayen kowane yanki sun fi amsa kiran mutanen yankinsu. Na ƙasar Hadza a Tanzaniya sun fi jin fito, domin da shi ake kiransu a can.

Tsuntsun yana nan a dazuzzukan ƙasashenmu. Amma inda mutane suka koma ga amya da sukari suka daina bin sa, shi ma yakan daina kira. Duk wanda ke da dattijo mai ɗibar zumar daji, ya tambaye shi yadda suke kiran tsuntsun da sunan da suke ba shi, ya ɗauki muryarsa a waya.

Tsuntsu na iya yaudarar wata dabba don ya ƙwace abincinta?

Yana iyawa. A hamadar Kalahari akwai wani baƙin tsuntsu mai wutsiya a rabe, yana bin wasu dabbobi masu kama da tunku. Yawanci gadi yake musu na gaskiya, in ya ga shaho ya yi ƙara su ɓuya. Amma idan ya ga ɗaya ta tono babbar tsutsa ko kunama, sai ya yi ƙarar ƙarya, ta yar ta gudu, ya sauko ya ɗauke. In suka fara gane shi, sai ya canza murya ya kwaikwayi kukan gargaɗin wani tsuntsu ko nasu na kansu. Tom Flower, wanda ya bi su shekaru, ya gano kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abincinsa daga wannan hanya yake fitowa.

Da waɗannan dabaru ake ƙyanƙyashe su, ko koyo suke yi?

Ya danganta. Jifar ungulun Masar a jininta take: waɗanda aka raina ba su taɓa ganin manya ba sun yi jifa da dutse, abin da suka bukata kawai su gane cewa ƙwan jimina abinci ne. 

Wasu kuwa koyo ne zalla, har ana iya bin sawun yaɗuwarsu. A Ingila a da ana ajiye wa mutane kwalaben madara a ƙofar gida da asuba. A 1921, a Swaythling kusa da Southampton, aka fara lura da wasu ƙananan tsuntsaye na huda marfin suna shan maiƙon da ke taruwa a sama. Kafin 1949, lokacin da James Fisher da Robert Hinde suka tattara rahotanni, abin ya bazu a garuruwa da dama. Da mutane suka koma sayen madara a kanti, da wadda aka cire wa maiƙo, sai ɗabi'ar ta dusashe. A Sidni ta Ostareliya wasu fararen aku sun koyi ɗaga murfin kwandon shara: unguwa 3 aka sani kafin 2018, zuwa ƙarshen 2019 sun kai 44, kuma salon buɗewar ya bambanta daga yanki zuwa yanki. A Sendai ta Japan hankaki na ajiye 'ya'yan itace masu taurin ɓawo a kan titi mota ta taka musu.

Yunwa ma malama ce. A wani kogo a Hangari an ga irin ƙananan tsuntsayen nan masu huda kwalaben madara, masu cin ƙwari da iri, suna shiga da hunturu su kashe jemagun da ke barci su ci. Da masu bincike suka zuba musu abinci a bakin kogon, sai farautar ta ragu ƙwarai.

Me ya sa tsuntsu ke cin tsakuwa ko ƙasa?

Tsakuwa haƙoransa ce. Tana zama a ƙundu tana niƙa hatsi, kamar yadda duk mai fige kaza ko zabo ya sani, kuma jimina kan haɗiyi manya. Cin ƙasa daban ne. A Tambofata ta ƙasar Feru ɗaruruwan aku na taruwa a gaɓar kogi suna gutsurar yumɓu, kuma bincike ya fi karkata ga cewa gishiri suke nema, don 'ya'yan itacen wannan yanki mai nisa da teku ba su da shi sosai. Akun kurmi mai jar wutsiya na yin haka a filayen cikin dajin Lobeke na Kamaru. Bukatar ɗaya ce da wadda ke sa makiyaya ba shanu kanwa, ko su kai su ƙasar gishiri ta Ingal bayan damina.

Na ga fara da ƙadangare a soke jikin ƙaya. Aikin wa ke nan?

Mutane kan tsorata su zaci sihiri ne, alhali aikin wani ɗan tsuntsu ne mai baki kamar na shaho amma ƙafarsa ba ta da ƙarfin riƙe nama. Ƙayar ce ke riƙe masa yana yaga, kuma rumbunsa ce ta gobe. Wasu irinsa na zuwa Sahel daga Turai da sanyi. A Fulorida ta Amurka an ga ɗan'uwansa na soke fara mai dafi ya bar ta kwana ɗaya ko biyu har dafin ya karye kafin ya ci.

Cin abinci a bola da mahauta yana cutar da su?

Yana ba su ƙoshi, yana kuma jefa su a haɗari. Farar shamuwar Turai da ta saba ƙetaro Sahara kowace shekara, da yawanta yanzu na zama a Fotugal da Sifen duk shekara saboda manyan juji. A Fotugal kaɗai an ƙidaya wajen 14,000 da hunturun 2015. Babba-da-jaka da hankaka da shirwa ma sun koma 'yan gari. Amma tare da abincin suna haɗiyar leda da roba da igiya, su toshe musu ciki.

Ungulu ce ta fi shan wahala. An ce ungulu ba ta jewar banza: ɗaya ta sauka, sauran na hango ta daga nesa su biyo, don haka mushe guda mai guba na iya kashe ɗaruruwa. A Indiya maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu, diklofenak, ya kashe fiye da kashi 90 cikin ɗari na wasu irin ungulaye kafin a hana ba dabbobi shi a 2006. A Gini Bisau sama da 2,000 suka mutu da guba a 2020, irin ungulun nan tamu ta mahauta, wadda tun 2015 take cikin jerin masu dab da ƙarewa. Duk wanda ya girma a garuruwanmu ya san yadda suke cika kwata a da, ya kuma san yadda ta koma yanzu. Sa wa mushe guba don kare ko kura, da sayar da kai da ƙafar ungulu a kasuwar magani, su ne manyan dalilai.

Yaya zan gane baƙuwar ɗabi'a ce ko rashin lafiya?

Tsuntsu mai dabara idonsa a buɗe yake, gashinsa a kwance, kuma yana tashi idan an matso. Mara lafiya kan tsaya a takure, ya karkatar da wuya, ya yi ta juyi, ya caki abinci ya kasa haɗiya, ko ya bari a kama shi da hannu. Idan aka ga da yawa sun mutu wuri ɗaya, musamman kusa da ruwa ko mushe ko gonar da aka yi wa feshi, to guba ce ko annoba. Murar tsuntsaye ta fara bayyana a Najeriya a wata gonar kaji a jihar Kaduna a Fabrairun 2006, kuma tana kama mutum. Kada a taɓa da hannu, kada a ci, kada a bar yara ko kaji ko karnuka su je wurin. A sanar da likitan dabbobi na ƙaramar hukuma.

Idan na ga wani abu da ban taɓa gani ba, me zan yi da shi?

Ka tsaya nesa, kada ka kore shi, ka bari ya gama. In da waya, bidiyo ya fi hoto, ko da bai fita sosai ba. Nan take ka rubuta rana da lokaci, sunan wurin, yanayin gari, girman tsuntsun in an kwatanta da kurciya ko hankaka, launin baki da ƙafa, abin da ya ci, sau nawa ya maimaita, da ko shi kaɗai ne ko akwai masu kallonsa cikin 'yan'uwansa. Ka raba abin da ka gani da abin da kake zato. Sannan ka koma wurin washegari a daidai wannan lokaci, don abin da aka gani sau uku ya fi na sau ɗaya nauyi.

A Najeriya akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos, wadda ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen ƙasar tare da masu sa kai, har da ƙungiyar matasan arewa. Ana kuma shigar da bayanai a manhajojin eBird da BirdLasser kyauta. Ka haɗa da sunan tsuntsun na Hausa ko Fulatanci ko Barbarci yadda mutanen wurin ke faɗa, da abin da tsofaffin wurin suka ce sun sani game da shi.